Zauren Da Musaddiƙ Ya Gina A Cikin Kwamfuta

Idan kana neman Musaddiƙ a Kazaure, duk wanda ka tambaya amsa ɗaya zai ba ka: "Yanzun nan ya tashi daga nan." A teburin mai shayi haka, a bakin masallaci haka, ko matarsa Zaituna ka tambaya daga zaure, abin da za ta ce ke nan. Shekararsa talatin da huɗu, 'yarsa ɗaya, amma har yau idan ya zauna a tabarma ƙafarsa ta dama tana kaɗawa kamar mai taka keken ɗinki. Ga shi siriri, ga dogon wuya, kullum yana leƙen bayan wani abu.

A wajen Roni aka haife shi. Mahaifiyarsu Bafulatana ce, don haka shi da wansa Lawal sun tashi suna bin shanun kawunnansu a tsakanin duwatsu. Lawal yana kiwo, shi kuwa Musaddiƙ yana hawa dutse don ya ga abin da ke bayansa. In ya hau ya tarar da wani dutsen, sai ya ce ai wancan ne mai labarin. Sau uku ana samun shanu a gonar mutane, mai kiwonsu yana can sama yana hangen Kazaure.

Da ya girma ya gwada sana'a iri-iri. Ya yi acaɓa tsakanin Kazaure da Babura, fasinjoji suka gudu daga gare shi, domin da ya ga wata 'yar hanya ta ratse sai ya karya kan babur ya bi ta, ya ga inda ta nufa. Akwai wani dattijo da ya ɗauko da ragonsa za su kasuwar Babura, suka tsinci kansu a wani ƙauyen Nijar da ake ciniki da sefa. Har gobe in dattijon ya hango shi sai ya tsallaka titi. Daga nan ya koma gyaran waya, daga gyaran waya ya buɗe gidan gem a shagon da ke jikin gidansu, talabijin biyu da benci ɗaya da faifan sola a kan rufi.

A nan ne abin ya kama shi. Samari suna zuwa buga gem ɗin ƙwallo, shi ko kallo bai ishe shi ba. Nasa shi ne irin wanda ake ba ka jarumi da takobi, a sake ka a wata ƙasa, ka hango hasumiya can nesa, ka yi kwana uku kana faɗa da dodanni kafin ka kai gindinta. Kuma ba faɗan ne ya dame shi ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda masu gina gem ɗin suke jan mutum ta hanci ba tare da sun ce masa uffan ba. Su haska fitila a kan wata ƙofa, ƙafarka ta kai ka can. Su ajiye akwati a bakin rami, ka je ɗauka, ka ga matakala a ƙasa. Ka sha wuya ka zagaya dutse, ka buɗe wata ƙofa daga ciki, sai ka gan ka a inda ka faro.

"Wallahi mutanen nan makiyaya ne," in ji shi. "Mu ne shanun."

Sai ya ce shi ma zai gina nasa, da duwatsun Kazaure a ciki. Ya ari kwamfutar Yaya Lawal, irin ta ɗorawa a cinya, ya ce mako ɗaya zai yi da ita. Yana koyo a bidiyon waya, yana gini, yana rushewa. Mako ɗayan nan ya kai shekara biyu.

Shi Yaya Lawal ma'aikacin gwamnati ne, shekara ashirin da biyu bai taɓa makara ba. Mutum ne wanda hularsa ba ta karkacewa ko a kan babur. Ya ɗauko kunyar gidan kakanninsu gaba ɗaya: tun da aka kawo Zaituna gidan ƙaninsa bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa wuce zaure ba. In ta durƙusa daga bayan labule ta gaishe shi, bango yake kallo ya amsa.

Wata Asabar ya zo shagon, ya ƙi zama, ya tsaya yana kallon benci babu kowa, mai shago ya duƙufa yana jera duwatsu a kwamfuta.

"Na yi magana da wani abokina a Gwiwa," in ji shi. "Yana da siton taki da iri, yana neman mai tsaro. Ka zauna daga safe zuwa yamma, a shigo da kaya ka gani, a fita da kaya ka gani. Farkon wata za ka fara. Kwamfutata kuma ina so."

Musaddiƙ ya ji kamar an ce za a ɗaure shi a turke. Daga safe zuwa yamma a kujera ɗaya, a Gwiwa, yana kallon buhu!

"Yaya, wannan ma aiki ne. Zangon farko na gem ɗin ya kusa kammala. In ya yi kyau akwai masu irin wannan sana'a a Kano, zan kai musu su gani."

"Aiki? To ji nan. Juma'a ta sama zan zo bayan an sauko. Ka koya min yadda ake dannawa, daga nan ka kama bakinka. In ni da hannuna na kai ƙarshen abin nan kafin a kira la'asar, na yarda ka iya wani abu, ka riƙe kwamfuta, in ba abokina haƙuri. In ban kai ba, ka haɗa kayanka."

"Na yarda, Yaya."

Ya faɗa da ƙarfi kamar gaske. Bai gaya wa Yayan cewa har ranar babu mahaluƙi ɗaya da ya taɓa kaiwa ƙarshen ba.

Ga yadda zangon yake. Jarumi yana farawa a bakin dam, da takobi da gorar ruwa. Yana ɗaga kai zai hango wani dogon dutse da bakin kogo fari fat a samansa, can ake so ya je. Zai bi burtali, kuraye su tare shi, ya yi ta sara. Zai shiga wani ɗan gari mai ganuwa, da rijiya, da rumbuna, da awaki. Daga garin hanya ɗaya ce tak zuwa dutsen: ta cikin wani gida. A shiga zaure, a ratsa tsakar gida, a fita ta ƙofar baya, sai ƙasar duka ta buɗe a gabanka, dam a ƙasa yana ƙyalli, matakala ta miƙe zuwa kogo. Wata huɗu ya yi yana gyara wannan fitowar. Ya ce duk wanda ya gan ta sai ya yi salati.

To, ba wanda ya gan ta. Salisu mai walda ya gwada, Hussaini mai adaidaita sahu ya gwada, har mutum goma sha ɗaya ya zaunar a bencin nan. Kowa zai kashe kuraye, ya shiga gari, ya leƙa rijiya, ya kori awaki, ya bi ganuwa ya dawo, ya wuce ƙofar gidan nan sau goma kamar bango ce. Musaddiƙ yana bayansu yana safa da marwa, yana cizon yatsa, domin ya karanta cewa mai gini ba ya nuna wa mai wasa hanya da baki.

Da wa'adin Yaya ya hau kansa, sai ya bi ƙofar nan da gyara. Ya faɗaɗa ta. Ya shafa mata shuɗin fenti. Ya rataya fitila a kanta. Ya zana sawun ƙafa daga rijiya har bakinta, ya shimfiɗa tabarma a zauren, ya sa labule mai kaɗawa don ido ya kai wurin. Ya ƙara ƙarfin sautin da ya ɗauka a gidansa, na daka da ƙarar tukwane, don a ji gidan da rai. Ya aika a kira Salisu.

Salisu ya zo da tabaransa na walda a goshi, ya riƙe fad, wato abin dannawar nan mai maɓallai, ya kai jarumi har bakin ƙofar ya tsaya.

"Kai, gidan wa ka ƙawata haka? Dagaci ne ya yi sabon aure?"

Ya juya ya tafi korar awaki.

Musaddiƙ ya kasa haƙuri. "Salisu, don girman Allah, me ka gani a wurin nan?"

"Gida mana."

"Ba ka ga ƙofa ba?"

"Na gani. Gidan mutane ne ai. Ni hanyar dutse nake nema, ka ɓoye ta don mugunta. Dama tun kana acaɓa ba ka taɓa kai mutum inda za shi ba."

Hussaini da ke bakin shago ya ce, "Ka shirya kayanka kawai, mai gadin taki. In za ka Gwiwa ni zan kai ka, kyauta, don na san hanya."

Kwana uku Musaddiƙ bai ci abincin kirki ba. Ya shiga gida ya fito, ya hau dutsen bayan unguwa ya sauko, ya buɗe kwamfuta ya rufe. Ran Litinin da hantsi ya kai ta tsakar gida ya ajiye a kan turmi, yana zagaye ta yana magana shi kaɗai. Zaituna tana tace zoɓon sayarwa, ta gaji da ganin inuwarsa tana wucewa ta kanta.

"Abban Khairiyya, ka zauna ko ka fita, kana sa ni jiri. Miƙo min abin nan in ga abin da ya hana mu sakat a gidan nan."

Ta goge hannu a zani. Ba ta taɓa riƙe fad ba, don haka kuraye suka cinye ta sau shida, tana "Wayyo, ƙafata!" kamar ita ake ciza. A na bakwai ta ruga da gudu ta bar su, ta faɗa gari. Ko rijiya ba ta kalla ba. Ta miƙe tiryan-tiryan ta ɗaga labule ta shige zaure, ta ratsa tsakar gida, ta fita ta baya.

"La ilaha illallahu! Dam ne wancan?"

Musaddiƙ ya leƙo kwamfutar. "Me ya sa kika shiga?"

"Ina?"

"Gidan!"

"To na ji ana daka, na ce bari in shiga in gaishe su, in tambayi hanya." Ta dube shi, ta dubi kwamfuta, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Au, wai nan ne maza suka maƙale? Kai yanzu ka taɓa faɗawa gidan Salisu kana jin matarsa Sadiyya tana daka? Ƙato da shi, da takobi tsirara, ba sallama ba komai? Ka sa labule, ka sa tabarma, ka sa mata a ciki, sannan kana mamaki!"

Ya zauna a ƙasa daɓas, abin da ba a saba gani ba. Ashe duk gyaran da yake yi, ƙara rufe ƙofar yake. Waɗanda ya koya a wurinsu, a gem ɗinsu kowane gida na shiga ne, ka fasa tukwane ka kwashe abin da ke ciki. Su Salisu kuwa ba wai tsoron Allah ne ya kama su a gaban kwamfuta ba. Idonsu ne kawai bai saba ɗaukar ƙofar gidan aure a matsayin hanya ba.

Zaituna ta ce ya mai da gidan kango, ya cire daka, ya rushe katanga. Ya ƙi. Ya ce garin da ba a daka a cikinsa ba gari ba ne. Ya yi zagaye uku a tsakar gida, ya tsaya cak.

"Sallama! Zan sa maɓallin sallama."

Kwana biyu ya yi a kai. In jarumi ya zo ƙofar, rubutu zai fito, a danna, ya mai da takobi kube ya yi sallama, daga ciki a amsa masa. Muryar da za ta amsa ce ta rage, ga lokaci ya ƙure, sai ya kara wa Zaituna waya a baki. Ta ce, "Wa alaikumus salam, bismillah, shigo mana," da muryarta ta tarbar baƙi.

Ran Alhamis Salisu ya shiga gidan ba gardama, ya fita ta baya ya yi salatin da aka daɗe ana jira. Hussaini kuwa sai da ya danna sallamar sau biyar don daɗi, saura kaɗan ya tuɓe takalminsa na gaske. Musaddiƙ ya zagaya unguwa yana gaida mutanen da ya riga ya gaisar.

Juma'a bayan an sauko, Yaya Lawal ya iso da babbar riga, ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya zauna a benci ya ajiye agogonsa a gefe. Su Salisu suka cika bakin ƙofa. Aka nuna masa na tafiya, na tsalle, na sara.

"Daga yanzu ban son jin bakinka," in ji shi.

Kura ta farko ta kashe shi sau huɗu. "Wannan dabba ba ta da tarbiyya," ya ce, ya gyara zama. A hankali hannunsa ya faɗa. Ba ya gudu, ba ya sara barkatai, sai ya jira kura ta zaburo ya kauce ya maka mata, yadda ake yi wa bijimi mai tunkuyi. Ƙarfe uku saura ya shiga gari. Ya bi sawun ƙafa har ƙofa mai shuɗin fenti, ya karanta rubutun da kyau kamar takardar ofis, ya danna. Jarumi ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam, bismillah, shigo mana."

Yaya Lawal ya sunkuyar da kai. Ya kawar da fuska ya kalli bangon shago. Sannan ya juya jarumin a hankali, ya bar ƙofar.

Sai a lokacin Musaddiƙ ya tuna muryar wa ya sa. Muryar matar ƙaninsa! Mutumin da shekara tara bai wuce zauren gaske ba, shi za a ce ya ɗaga labule ya shiga, a gaban su Salisu? Hussaini ya toshe baki da hula ya fita waje, ana jin dariyarsa daga bakin titi. Musaddiƙ ya buɗe baki.

"Na ce ban son jin bakinka."

Musaddiƙ ya fita, ya dawo, ya leƙa agogo, ya sha ruwa, ya sake fita. Uku da kwata. Uku da rabi ta gabato. A ransa har ya fara ganin siton nan, da kujera, da ƙudaje.

Yaya kuwa bai ajiye fad ba. Ya fita daga garin gaba ɗaya, ya bi ganuwa ta waje, ta gefen da ba wanda ya taɓa bi don ba komai a can sai ƙaya. Ya kai inda ganuwar ta haɗu da gindin dutse. A wurin akwai wasu manyan duwatsu uku da Musaddiƙ ya watsa don ado tun bara, ya manta bai toshe tsakaninsu ba. Yaya ya tsaya yana kallonsu, ya karkata kai.

"In akuya ce, ta nan za ta bi," ya ce, kamar da kansa yake.

Ya yi tsalle ya zame. Ya sake, ya zame. A na biyar ya dafe na farko. Daga nan ya bi wata tsaga, jarumin rabinsa ya nutse a cikin dutse, hoton yana rawa, ga wasu wurare ko launi babu sai toka-toka, don ba a gina su don ido ya gani ba. Salisu yana ihu, "Hagu, Yaya, hagu!" Yaya ya yi dama. Hularsa ta karkace, bai sani ba. Gumi yana ɗiga a kan babbar riga. Musaddiƙ ya durƙusa a bayansa ya rungume ƙafar benci, bai taɓa sanin ana iya hawa ta nan ba, shi da ya gina dutsen.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya yi gyaran murya. Daidai nan jarumi ya diro daga sama, ya faɗo a bakin farin kogo. Yaya ya tura shi ciki. Taku uku, ƙasa ta ƙare, jarumi ya zurma cikin wani fili fari, yana ta faɗuwa ba iyaka.

"Ina sauran?"

"Nan ne ƙarshen, Yaya. Ban gina cikin kogon ba tukuna."

"Shekara biyu, ka sa ni na hau dutse da girmana, kogon ma ba komai a ciki?"

Ya ajiye fad, ya ɗaura agogo, ya gyara hula. Ya dubi kwamfutar har Musaddiƙ ya ɗauka hannu zai kai mata. Sai ya miƙe ya warware hannayen riga.

"Zan kira mutumin Gwiwa ya nemi wani. Abu biyu. Muryar iyalinka, ka cire ta yau, kafin magariba. Ka je Roni ka ɗauko ta wata tsohuwa."

"To, Yaya."

"Na biyu, hanyar da na bi, kar ka toshe ta."

"Yaya, ai kuskure ne. Kuma duk wanda ya bi ta can ba zai ga dam daga ƙofar baya ba, wata huɗu na yi ina..."

"Kar ka toshe. Ka gyara dutse na farko dai, yana da santsi." Ya sa takalmi ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "Kuma can sama, ta hannun dama, na ga wata tsaga ban samu na leƙa ba. Me ke cikinta?"

"Ba komai, Yaya."

"To a sa wani abu. Muje, za a ta da salla."